Rupert East: Baturen Zariya da ya tsaya har haruffan Hausa suka sami ƙugiya

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa jihar Maraɗi, ya taso daga Gidan Rumji ya wuce Aguié da Gazawa ya nufi Tasawa, zai lura cewa abin da ke allunan bakin titi daban, abin da ke bakin mutanen garuruwan daban. A allo an rubuta Guidan Roumdji da Gazaoua da Tessaoua, bisa ƙa'idar Faransanci. Ita kanta Maraɗi, a taswira da fasfo da takardun gwamnati, ɗ ɗinta ta koma d, alhali babu Bamaraɗen da ke kiran garinsu haka.

Da mutum zai tsallaka iyaka ta Jibiya ya shiga Katsina, ya buɗe littafin Hausa na 'yan firamare, zai tarar da haruffa uku masu ɗan lanƙwasa a ka: ɓ da ɗ da ƙ. Mun saba da su har muna ganin kamar da su boko ya zo. Ba haka ba ne. Sai da aka shafe shekaru da dama ana rubuta Hausa da boko kafin a same su, kuma mutumin da ya fi kowa tsayawa har suka zauna a takarda shi ne Dokta Rupert Moultrie East, jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Zariya.

Daga Ingila zuwa ƙasar Tibi

An haifi East a Ingila a 1898, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, sannan ya zo Najeriya a farkon shekarun 1920 a matsayin jami'in ilimi a Lardunan Arewa. Cikin wuraren da ya yi aiki har da ƙasar Tibi a yankin Binuwai, inda ya koyi harshensu ya iya shi sosai.

A can ne hanyarsa ta haɗu da ta Akiga Sai, wani Batibi da ya yi karatu wurin 'yan mishan, wanda ya zaga ƙauyuka yana tattara tarihi da al'adun mutanensa ya rubuta da harshen Tibi. East ya fassara wani ɓangare na aikin zuwa Ingilishi, aka buga shi a 1939 da sunan Akiga's Story. Har gobe masu nazarin tarihin Tibi suna komawa gare shi.

Wannan aiki ya nuna halin da East ya riƙe har ƙarshen zamansa a Najeriya: ya nemo ɗan ƙasa mai basira, ya zaunar da shi ya yi rubutu da harshen uwarsa, shi kuma ya tsaya a matsayin mai gyara da kai wa maɗaba'a.

Matsalar da ya tarar

A 1929 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara domin samar wa makarantun Arewa littattafan karatu da Hausa. A farkon shekarun 1930 hukumar ta zauna a Zariya, East yana shugabantarta. Cikin ayyukanta na farko akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu da suka fito a 1932 da 1933, waɗanda aka fassaro daga tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, har da tarihin sarakunan Kano.

Sai dai akwai matsalar da ta riga hukumar zuwa. Hausa tana da sautuka da babu su a Ingilishi, don haka babu haruffansu a abacadar Turawa. Ba ƙaramin abu ba ne kuwa, domin su ne ke raba kalma da kalma. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Baki ba baƙi ba ne. In aka rubuta cewa sarki yana fada, zaune yake cikin fadawansa. In aka ce yana faɗa, to labari ya sha bamban.

Malaman ajami sun riga sun samo wa wasu daga cikin waɗannan sautuka mafita tun da daɗewa. Sun ba ƙ harafin ƙaf, sun ba ɗ harafin ɗa mai hannu, sun ƙara masa ɗigo uku a sama ya zama ts, sun kuma ɗauko ɗigon imala na ƙira'ar Warshu suka yi wasalin e da shi.

Masu boko kuwa sun daɗe suna lalube. J. F. Schön, ɗan mishan Bajamushe da ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, bai raba waɗannan sautuka da 'yan'uwansu ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma batun surar haruffan bai mutu ba. Wasu suna ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna maƙala masa ɗan waƙafi a gefe daga sama, wasu kuma ba su sa komai. Ko lokacin da babban ƙamus na G. P. Bargery ya fito a 1934, ba a gama daidaita kai ba.

Yadda ƙugiya ta yi nasara

Don a gane nauyin wannan gardama, sai an tuna yadda ake ɗab'i a wancan zamani. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne da aka zuba a ma'auni, mai jera haruffa ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ko inji ya zubo su, a shafa tawada a danna a takarda. Ƙara sabon harafi yana nufin sai an sassaƙa masa sabon ma'auni a Turai, babba da ƙarami, a kowane girma da kowane salo. Tafireta ma sai an cire mata wasu haƙora an dasa sababbi. Duk wannan kuɗi ne, kuma gwamnatin mulkin mallaka ba ta son kashe kuɗi a kan ilimin 'yan ƙasa.

Ɗigo da waƙafi sun fi araha, amma suna da illa. Ɗigon ƙarƙashi ƙanƙane ne: in dalma ta sha aiki yakan gutsure, in takarda ba ta da kyau yakan ɓace ko ya yi kama da dattin tawada, in aka ja layi a ƙarƙashin kalma ya nutse. Waƙafi kuma yana yanka kalma gida biyu a ido, ga shi Hausa tana amfani da irinsa wurin hamza, kamar a sa'a da jama'a. Ita kuwa ƙugiya a jikin harafin take. Yaro zai iya rubuta ta ba tare da ya ɗaga alƙalami ya dawo ba, mai karatu kuma yana ganin harafin da ya sani ne da ɗan ƙari kaɗan.

Ba East ne ya fara tunanin ƙirƙiro wa harsunan Afirka sababbin haruffa ba. Wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926 ta riga ta fitar da shawarar abacada ta bai ɗaya, kuma jagoran wannan aiki shi ne Diedrich Westermann, masanin harsunan Afirka na Berlin. Abin da East ya yi shi ne ya tuntuɓi Westermann, ya dage wa hukumomin Arewa, sannan ya yi amfani da ikon da ke hannunsa na mai buga kusan duk littafin da ɗan makaranta zai taɓa. Kafin ƙarshen shekarun 1930, ɓ da ɗ da ƙ sun zama ƙa'ida.

An bar wasu abubuwa a waje. Ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da sura ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. An dogara ga mai harshen ya gane daga jimla, shafi kuma ya zauna sakayau babu tarin alamomi. Sautin da ke farkon 'ya'ya shi ma bai sami ƙugiya a Najeriya ba, aka bar shi da waƙafi.

Haruffa ba su isa ba sai da abin karantawa

East ya lura cewa makarantu suna yaye yara da suka iya karatu, amma babu abin da za su karanta in ban da littattafan aji. A 1933, shekarar da hukumarsa ta koma Hukumar Talifi, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, ya kuma sa gasa. A wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana wahalar da ya sha: a wurin malaman lokacin, rubutu abu ne na addini da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare.

Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar da suka zama harsashin ƙagaggen labari na Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Ya kuma fitar da wasannin kwaikwayo shida da Hausa domin makarantu.

Cikin marubutan nan, idonsa ya fi tsayawa kan Imam, matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina. A 1936 ya nemi a ba shi aronsa, Imam ya zo Zariya ya yi kimanin wata shida. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiya da Turai, Imam ya narkar da su ya zubo su a ƙasar Hausa, da sarakunanta da fadawanta da wayon aku. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930. East ya bi rubutun da gyara sosai, kuma har yau manazarta adabi suna tattauna iyakar hannunsa a ciki. Abin da babu musu a kansa shi ne Hausar ta Imam ce.

A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam yana edita, East yana kula da ita daga sama. A nan ne haruffa masu ƙugiya suka fita daga aji suka shiga kasuwa da tasha da barikin soja. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jaridar ta zama hanyar da jama'a ke jin labarin fagen fama, mai karatu ɗaya yana karanta wa mutum goma.

Tukur-Tukur

A 1945 burin East ya cika, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, shi ne shugabansa na farko. An haɗa ofisoshin editoci da maɗaba'a da gidajen ma'aikata a wuri guda. Tunaninsa shi ne marubuci da mai fassara da mai zane da mai jera haruffa su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, 'yan ƙasa su koyi sana'ar ɗab'i tun daga rubutun hannu har zuwa ɗinkin littafi.

Kamfanin bai tsaya kan Hausa kaɗai ba. Ya fitar da Nigerian Citizen da Ingilishi a 1948, wadda New Nigerian ta gaje ta a 1966, da kuma Mwanger u Tiv, wadda tsohon abokin aikinsa Akiga Sai ya yi wa edita. East da Imam kuma sun haɗu sun rubuta Ikon Allah, littafin kimiyya da ya yi bayanin halittu da Hausa mai sauƙi.

East ya damu da yadda shafi yake a ido, ba abin da aka rubuta kaɗai ba. Jacqueline de Naeyer, 'yar ƙasar Beljiyam mai zane, ta yi aiki a Gaskiya, kuma zanenta ne ke cikin bugun Magana Jari Ce da yawancinmu muka karanta a makaranta. Daga baya ita ce East ya aura. A farkon shekarun 1950 ya bar Najeriya ya koma Ingila, inda ya rasu a 1975. Aikin da ya bari ya bi ta hannun hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da daidaita ƙa'idojin rubutu a kan harsashin da ta tarar.

Ɗaya gefen labarin

Ba a ba da tarihin East daidai ba in aka ɓoye wanda yake yi wa aiki. Ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, jaridar da ya kafa ta gwamnati ce, kuma boko da ya ƙawata an ɗora shi ne a kan wani rubutu da ya riga shi da ƙarnoni. Masanin tarihi John Edward Philips, a littafinsa Spurious Arabic na shekarar 2000, ya bi diddigin yadda Lugard da muƙarrabansa suka zaɓi boko suka ture ajami daga harkar mulki, galibi don sauƙin jami'an da ba su iya karanta haruffan Larabci ba.

An yanke wannan hukunci kafin East ya zo, amma nasararsa ce ta sa ya kafu. Da zarar boko ya sami jarida da littattafai masu daɗi da maɗaba'a, sai ajami ya koma na makarantun allo da waƙoƙin wa'azi da wasiƙu. Dubban mutanen da suka iya karatu da rubutu da ajami suka wayi gari ana lissafa su cikin jahilai. Raɗaɗin bai gushe ba: an ga irin ce-ce-ku-cen da aka yi lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007.

Masana irin su Ibrahim Yaro Yahaya, mai littafin Hausa a Rubuce na 1988, da Graham Furniss na Landan, sun yi nazarin wannan zamani. Hoton da ke fitowa daga ayyukansu na mutum ne da ya yi imani da gaske cewa harshen uwa zai iya ɗaukar adabi da kimiyya da jarida, amma yana aiki cikin tsarin da shi ke riƙe da alƙalamin gyara na ƙarshe.

Tsallaken iyaka

A Nijar labarin ya bi wata hanya. Faransa ba ta koyarwa da harsunan gida, don haka babu wata hukumar talifi a Maraɗi ko Damagaram. Ɗan Gazawa ko ɗan Gidan Rumji da ya shiga lakwal, Faransanci ya tarar tun ranar farko, sunan garinsu ma da ƙa'idar Faransanci ya koyi rubuta shi.

Sai bayan 'yancin kai aka fara gyara. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya duba yadda za a rubuta wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka fara makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 masana suka zauna a Yamai don kusanto da ƙa'idojin ƙasashen biyu, a 1999 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da dokar rubutun Hausa. Ƙugiyoyin Zariya uku duk suna ciki, Nijar ma ta ƙara ta huɗu, wato ƴ. Shi ya sa abin da Kano ke rubutawa 'ya'ya, littafin ɗan makaranta a Aguié yake rubuta shi ƴaƴa. A wannan gaɓa Nijar ta ƙarasa abin da East ya bari rabi.

Daga dalma zuwa waya

Matsalar da East ya yi fama da ita ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya. Shekaru da yawa sakatarori suna buga takarda a tafireta sannan su bi da biro suna lanƙwasa kawunan haruffa. A shekarun 1980 aka yi yunƙurin samar da abacada ɗaya ga harsunan Najeriya, har fitaccen mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Da kwamfuta ta zo, tsarin Unicode ya ba kowace ƙugiya lambarta, babba da ƙarama, har da ƴ.

Yau duk mai wayar zamani zai iya ƙara Hausa a allon rubutunsa, irin su Gboard, cikin minti ɗaya, kyauta. Abin da a da sai an aika Turai an zubo da dalma, yanzu ɗan yatsa ne kawai. Duk da haka yawancin saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook tsakanin Kano da Jidda, ko tsakanin Maraɗi da Tamanrasset, babu ƙugiya ko ɗaya. Wanda ya tashi da harshen yana cike giɓin da kansa. Amma yaron da aka haifa a Landan ko Abidjan, wanda a rubuce yake ganin Hausa fiye da yadda yake jin ta, ba shi da yadda zai san cewa kasa da ƙasa ba abu ɗaya ba ne. Haka ma manhajojin fassara da na neman bayani, abin da muka rubuta shi suke koya.

Akwai kuma saura aiki ga masu zane. Salon haruffa da yawa har yanzu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, shi ya sa a fastar fim ko allon shago za ka ga harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa, ko ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Zariyar da East ya yi aiki a cikinta tana da sashen zane-zane tun tsakiyar shekarun 1950, wanda ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Zana kyawawan haruffan Hausa, na boko da na ajami, aiki ne da ke jiran ɗalibanta da takwarorinsu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.

A watan Maris na 2025, shekara hamsin bayan rasuwar East, sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In wannan magana za ta sauko daga takarda zuwa bakin titi, wata rana za a kira mai fenti ya sake rubuta allon shiga Maraɗi. A ranar, abu na farko da zai tambaya shi ne ta wane gefe ake lanƙwasa kan ɗ.